Ranar da Bakwai Suka Cika

A shekara ta talatin da ɗaya da hawan Sarki Jatau gadon Dagwaru, tsufa ya riga ya cinye masa gwiwa da ido. Ba ya fita zaman fada sai an ɗauko shi an ajiye bayan labule, ya ji abin da ya ji, ya yi gyangyaɗi a sauran. Mulkin ƙasa sai ya koma hannun Majalisar Bakwai, wato manyan sarakai bakwai da ke zama a Soron Tsakiya kowace safiya ban da Juma'a. Galadima Arzika shi ne babbansu, shi ke buɗe zama, shi ke rufewa. Kaura Nomau shi ke riƙe da mayaƙan ƙasa. Sauran su ne Makama Cindo, da Alƙali, da Sarkin Bai, da Durɓi, da Magajin Gari.

Akwai wata doka da suka gada tun kakanni. An taɓa yin wani sarki mai zafin kai da ya ja ƙasar zuwa yaƙi saboda an raina dokinsa a wata kasuwa, aka rasa mazaje fiye da dubu. Tun daga nan aka ƙulla cewa ba a buga tambarin yaƙi, ba a buɗe rumbun makamai, sai bakwai ɗin nan sun hallara gaba ɗaya, kowa a kan buzunsa a Soron Tsakiya, an ji ta bakin kowa. Al'amarin kasuwa da rijiya da hanya, ko mutum huɗu ne suna iya yankewa. Yaƙi kaɗai ne sai an cika. Doka ce mai kyau, ta kuma tsare jinin talakawa shekaru masu yawa, har ta faɗa hannun wanda ya san yadda ake juya ta.

A ƙarshen daminar wannan shekara, gero ya fara nuna, ruwan gulbi ya fara ja da baya, sai ga manzo daga Tudun Faru, garin da ke kan iyakar gabas. Ya faɗi a ƙofar soro ya yi gaisuwa, ya ce Marzawa, mutanen ƙasar Marzau da ke hayi, sun ƙetaro gulbi. Ubandawakinsu Mazadu ne ke jan su, sun ƙone ƙauyuka biyu, sun kafa sansani a gindin garin.

Kaura Nomau ya miƙe tun manzon bai rufe baki ba. Mutum ne dogo, mai furfura a gemu, ba ya son doguwar magana.

Ya ce, "Allah ya ja zamanin Galadima. A buga tambari yau, jibi da yamma ina Tudun Faru."

Galadima ya dubi buzayen da ke shimfiɗe ɗaya bayan ɗaya, a hankali, sai ka ce bai san yawansu ba. Shida da mutane, ɗaya babu kowa.

Ya ce, "Kaura, zuciyarka tana inda ta kamata. Amma Makama bai fito ba. An aiko mini tun da asuba cewa ciwon ciki ya kwantar da shi. Allah ya ba shi lafiya, gobe sai mu zauna a kan maganar."

Gobe ta zo, Makama bai fito ba. Jibi ma haka.

Abin da ke ƙasa kuwa ba ɓoyayye ba ne ga masu ido. Kowa ya san kwanakin Sarki Jatau sun kusa, Galadima kuma yana son gadon ya faɗa hannun Ciroma, ɗan ƙanwarsa. Kaura ya taɓa cewa a gaban jama'a, Ciroma ko garken tumaki bai isa a ba shi amana ba. In Kaura ya fita da rundunar ƙasa ya dawo da nasara, babu mai iya tsallake maganarsa ranar zaɓen sarki. Makama Cindo kuwa surukin Galadima ne.

Majalisa ba ta daina zama ba. Kullum da hantsi a hallara, a yi addu'a, Kaura ya tayar da maganar Tudun Faru, Galadima ya nuna buzun da babu kowa, a wuce. Aka kwana biyu ana muhawara a kan mudun kasuwar Ƙofar Yamma, ko ya kai na Ƙofar Arewa girma. Aka kwana ɗaya a kan awakin da ke shiga maƙabarta. Durɓi da Magajin Gari suka ɗaga wa juna murya a kan wanda ya kamata a ɗaure dokinsa kusa da inuwar ƙofa.

A rana ta bakwai, ana cikin zama, ƙudan zuman da suka yi shekara da shekaru a kogon kukar ƙofar soro suka tashi gaba ɗaya da rana tsaka, suka yi baƙi ƙirin a sama, suka nufi yamma. Dogarai suka watse. Sarkin Bai, wanda ya fi kowa tsufa a majalisar, ya bi su da kallo har suka ɓace.

Ya ce, "Tun ina yaro suke cikin kukar nan. Sau ɗaya na ji an ce sun taɓa tashi, shekarar da aka ci birnin nan da yaƙi. Ku ji tsoron Allah, 'yan uwa."

Galadima ya yi murmushi ya ce, "Hayaƙin maƙera ne ya dame su. Za mu duba maganar maƙera."

Kaura ya ce, "To tunda Makama ba ya iya zuwa, mu mu tafi gidansa. Mu zauna a bakin gadonsa, ya ce e ko a'a, mu tashi."

Galadima ya juya ga Alƙali. "Allah ya gafarta malam, me doka ta ce?"

Alƙali mutum ne mai gaskiya, amma gaskiyarsa ba ta wuce abin da ke cikin doka. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ta ce a Soron Tsakiya, kowa a kan buzunsa."

Kaura ya ce, "To a ɗauko shi a kan gado, yadda ake ɗauko Sarki."

Galadima ya ce, "Mai maganinsa ya rantse in aka motsa shi ba zai kai ƙofa da rai ba. Wa zai ɗauki alhakinsa? Kai?"

"To a naɗa wani ya riƙe masa."

Alƙali ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ba a gadon mai rai, Kaura. Ba a yi ba, doka kuma ba ta ba da dama ba."

Kaura ya koma ya zauna.

A rana ta goma sha biyu, wata tsohuwa ta iso ƙofar soro a kan jaki, ƙafafunta sun kumbura, zanenta ya yayyage da ƙaya. Dogarai suka so hana ta, ta ce ita ce Magajiya Tabawa, shugabar matan Tudun Faru, kuma da saƙon gari ta zo. Aka shigo da ita. Ta durƙusa ta gai da labulen Sarki, ta gai da sarakai, sannan ta zauna daram, abin da ba a saba gani ba.

Ta ce, "Ranku ya daɗe, ku yi mini afuwa, gwiwa ba ta ɗaukata. An aiko ni ne don babu namijin da za a iya cirewa daga kan ganuwa. Na fito ta ramin kwata, na bi cikin dawa da rarrafe har na wuce sansaninsu. Manzo uku muka aiko kafin ni. Ina so in sani, sun iso, ko an kashe su a hanya?"

Galadima ya ce, "Sun iso, Magajiya."

"Sun iso." Ta gyaɗa kai. "Da mun ɗauka an kashe su ne. Har sadaka muka yi musu. To ga abin da ke akwai. Rijiyarmu tana wajen ganuwa, ta koma hannun Marzawa. Ruwan kududdufi muke sha, yara sun fara zawo, mun binne goma sha ɗaya. Kibau sun ƙare, mata na fasa turame ana jifa da guntaye. Geron da muka noma muna kallonsa daga kan ganuwa dawakinsu na ci. Ƙauyukan da aka ƙone yanzu biyar ne. Duk shekara in kaka ta yi, mutanenku na zuwa su ɗauki rabon Sarki, ba su taɓa ɓatan hanya ba, ba su taɓa yin ciwon ciki ba. Mun bayar da hannu biyu, don an ce mana mu 'ya'yan Dagwaru ne. Yau na zo in tambayi iyayenmu, har yanzu mu naku ne? In an sallame mu a faɗa mini, in koma in ce su buɗe ƙofa, ko a bar yaran da rai."

Daga bayan labule aka ji Sarki ya yi tari, ya ce, "Wace ce ke kuka?" Ba kuka take ba.

Galadima ya gyara zaman alkyabbarsa, ya yi magana da murya mai taushi.

Ya ce, "Magajiya, maganarki ta shiga zuciyar majalisa. Majalisa tana baƙin ciki, tana kuma yi wa mutanen Tudun Faru ta'aziyya. Sai dai labarai sun sha bamban. Wani ya ce Marzawa ɗari biyar ne, wani ya ce dubu. Ba a jefa ƙasa cikin yaƙi a kan ji-ta-ji-ta. Saboda haka na ga ya dace a zaɓi dattawa uku su je su gano gaskiyar lamarin, su kawo mana bayani bayan kwana goma. Kafin nan, in Allah ya so, Makama ya samu sauƙi."

Durɓi ya ce ya goyi baya. Magajin Gari ya ce ya goyi baya. Aka zaɓi dattawan, aka yi gardama a kan wanda zai shugabance su. Daga nan Galadima ya ce a kawo magana ta gaba, wato ƙarar da mutanen Unguwar Marina suka kawo a kan ruwan baban rini da ke malala a hanya yana ɓata wa masu zuwa masallaci tufafi.

Magajiya Tabawa ba ta tashi ba. Ta zauna tana saurare har aka gama maganar ruwan baba, aka yanke a haƙa masa lambatu. Sannan ta dafa bango ta miƙe, ta fita ba ta yi wa kowa sallama ba.

Da la'asar Kaura ya hau doki ya tafi gidan Makama. Bayin ƙofa suka ce maigida na barci. Ya ture su ya wuce zaure, ya wuce soro na biyu. A tsakar gida, a inuwar ɗorawa, ya tarar da Makama Cindo zaune a kan darduma yana dara da wani baransa, ga akushin gasassun zabi a gefe an ci rabi.

Makama ya ɗago, ya ga wanda ke tsaye a kansa. Ya sallami baran, ya goge hannu. Bai ko yi ƙoƙarin riƙe ciki ba.

Kaura ya ce, "Sannu da jiki, Makama."

"Yawwa, Kaura. Zauna mana."

"Ban zo zama ba. Ni da kai mun yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa muna samari. Na taɓa ɗauko ka a bayana da kibiya a cinya. Ban zo in goranta maka ba. Na zo in roƙe ka ka fito gobe. Ka zauna a buzunka, ka ce a'a in a'a ce a ranka. Ko da an rinjaye ni, in san majalisa ce ta ƙi."

Makama ya daɗe yana juya ɗan dara a hannunsa.

Ya ce, "In na fito, Sarkin Bai naka ne, Alƙali naka ne, Magajin Gari kuma ba zai iya haɗa ido da tsohuwar nan ya ce a'a ba. Galadima ya san haka. 'Yata na gidansa, jikokina na gidansa, gonakina duk ta hannunsa suka zo. Ni ba zan warke ba, Nomau, sai ranar da ya ce na warke."

"Yara goma sha ɗaya aka binne."

"Na ji." Ya kawar da kai. "Ka yi haƙuri har a naɗa sabon sarki. Gari ɗaya ne. Ana sake gina gari."

Kaura ya dube shi, ya juya ya fita.

Washegari da sassafe ya tara mutanen gidansa, barade ɗari da tamanin da dakaru ɗari biyu, waɗanda makamansu nasu ne ba na rumbun Sarki ba. Sarkin Bai ya aiko masa da 'yan baka arba'in ba tare da wani saƙo ba. Babban ɗansa, Barde Sallau, magidanci mai 'ya'ya uku, shi ya riƙe masa tuta. Suna shirin tashi sai ga Alƙali ya zo da ƙafa, yana haki.

Ya ce, "Kaura, in ka fita ƙofar nan da mayaƙa ba tambari, ka karya doka. In aka tambaye ni, ba zan iya cewa ba ka karya ba."

Kaura ya ce, "Na sani, Allah ya gafarta malam. In an tambaye ka ka faɗi gaskiya. A yi mana addu'a."

Suka fita ta Ƙofar Gabas ba kiɗa ba busa, Magajiya Tabawa na tare da su a kan taguwa.

Kwana biyu suna tafiya. A rana ta uku da hantsi suka hau wani tudu, suka hango hayaƙi na tashi daga inda Tudun Faru yake. Ganuwar kudu ta rushe. An ci garin tun jiya. Magajiya ta dubi hayaƙin, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Masu leƙen asiri suka dawo suka ce Marzawa sun fi dubu, amma sun ɗaura kaya za su koma gida, suna kora kamammu zuwa mashigin gulbi, mata da yara da sauran mazan da suka rage, an ɗaure su wuya da wuya.

Kaura ya kira manyan baradensa ya ce, "A fili ba mu iya musu. Amma mashigin nan ba ya ɗaukar fiye da doki huɗu a jere, ruwa kuma har ƙirji. Mu bar su su shiga. In rabinsu ya haye, mu faɗa wa rabin da ya rage. Kamammu a baya suke sa su, saboda tafiyarsu ba sauri."

Dawar gonakin bakin gulbi ta fi mahayi tsawo. Suka shiga cikinta suna jan dawaki da hannu, suka laɓe har rana ta take tsaka. Suna jin kukan yara, suna jin bulala. Da Kaura ya ga tutar farko ta kai wancan gaci, ya ɗaga mashi. 'Yan bakan Sarkin Bai suka saki kibau a kan waɗanda ke tsakiyar ruwa. Dawaki suka firgita suka tattake juna, mashigi ya toshe da gawa da kaya. Sannan barade suka ɓullo daga cikin dawa da kabbara.

Marzawan da suka haye suna gani ba su iya dawowa. Waɗanda suka rage suka juyo suka tsaya, don Ubandawaki Mazadu na cikinsu, shi kuwa ba ragon namiji ba ne. Ya tara 'yan lifidinsa ya nufi tutar Dagwaru kai tsaye. Barde Sallau bai ja da baya ba. Ya kafe tutar a ƙasa, ya zare takobi, ya sare biyu, na uku ya soke shi da mashi a ƙarƙashin haƙarƙari. Kaura na nesa da shi da taku ashirin, ya gani da idonsa. Bai tsaya ba. Ya kutsa har ya isa ga Mazadu, ya doki dokinsa a wuya, doki ya faɗi ya danne mahayinsa. Dakaru suka yi masa rubdugu za su yanka shi, Kaura ya daka musu tsawa ya ce a ɗaure shi da rai, Sarki ne zai yi masa hukunci.

Kafin la'asar an gama. Aka kwance kamammu ɗari huɗu da 'yan kai. Kusan ɗari an riga an haye da su, ba a ƙara ganinsu ba. Kaura ya rasa mutum sittin da uku. Ya binne ɗansa a bakin gulbi tare da sauran, bai yarda a ware masa kabari ba. Ya bar dakarunsa a Tudun Faru su taya mutane tayar da ganuwa, ya juyo birni da barade da kamammen Ubandawaki.

Labari ya riga shi isa. Mutanen birni suka fito bakin hanya, mata na guɗa, maza na ɗaga hannu. Amma a Ƙofar Gabas Sarkin Dogarai ne ya tare shi, ya ce majalisa na jiransa, kuma an ce ya shiga ba takobi.

Da ya shiga Soron Tsakiya ya tarar buzaye shida duk da mutane. Makama Cindo na zaune a kan nasa, da sabon rawani, fuskarsa na sheƙi. Kaura ya zauna a na bakwai. Kwana ashirin da uku ke nan rabon da a ga majalisar a cike.

Galadima ya buɗe zama. Ya yi wa Allah godiya a kan lafiyar Makama. Ya yi wa Kaura ta'aziyyar ɗansa da kalmomi masu kyau. Sannan ya ce, "Maganar da ke gabanmu mai nauyi ce. Ɗaya daga cikinmu ya fita da mayaƙa, ya zubar da jini da sunan Dagwaru, ba tambari, ba izinin majalisa, alhali dattawan da muka aika ba su ma gama shirin tafiya ba. In wannan ya wuce haka nan, gobe duk mai barade ɗari ya zama sarkin kansa. Allah ya gafarta malam, an karya doka ko ba a karya ba?"

Alƙali ya ɗago. Hawaye na bin gemunsa ya ce, "An karya."

"Mene ne hukunci?"

"Tuɓe rawani, da barin birni."

Sarkin Bai ya buga sandarsa a ƙasa. "Mutum ɗari huɗu ya dawo mana da su! Ya binne ɗansa a kan iyakarmu! Ku da kuka zauna kuna auna mudu, ku ne za ku hukunta shi?"

Galadima ya ce, "An ji ta bakin Sarkin Bai. Kaura, kana da magana?"

Kaura ya miƙe. Bai dubi Galadima ba, labulen Sarki ya fuskanta.

Ya ce, "Allah ya ba Sarki nasara. Na karya doka, ban musa ba. Kakanninmu sun kafa ta don kada a kashe talaka a banza, ni ma shekara ashirin ina tsaronta. Abin da nake so a riƙe shi ne, da an buga tambari ranar da manzon farko ya zo, da Tudun Faru na tsaye, da rijiyarsu na hannunsu, da babu uwar da ke zaune yau a bakin gulbi tana kallon wancan gaci. Na isa a makare da kwana ɗaya. Kwana ɗaya tak. Na roƙi majalisar nan ta cika don ta ceci gari, ba ta cika ba. Yau ta cika don ta tuɓe ni. Ashe ba wuya. Makama, na yi murna da ka samu lafiya. Allah ya sa ka daɗe, ka riƙa tunawa."

Aka ji ta bakin kowa. Galadima, da Makama, da Durɓi, da Magajin Gari suka ce a tuɓe. Alƙali ya ce doka ta riga ta yi magana. Sarkin Bai ya ce shi ba ya ciki, ya tashi ya fita. Aka leƙa bayan labule aka gaya wa Sarki abin da majalisa ta yanke. Ya ce, "To, to. Allah ya yi albarka." Ba a tabbata ya gane wa ake magana a kai ba.

Sarkin Dogarai ya matso don ya tuɓe rawanin. Nomau ya ɗaga masa hannu, ya warware rawanin da kansa, ya naɗe shi, ya ajiye a kan buzu.

Ba a tashi ba sai da aka yanke abu biyu. Aka ba wani ƙanen Durɓi sarautar Kaura, mutumin da bai taɓa kwana a sansani ba. Sannan Galadima ya ce tunda ba majalisa ce ta yi wannan yaƙi ba, Dagwaru ba ta gaba da Marzau. Don a nuna haka, a kwance Ubandawaki Mazadu, a ba shi riga da doki, a mayar da shi ga sarkinsa da gaisuwa.

Washegari da hantsi aka raka Nomau Ƙofar Gabas, da ƙafa, da riga ɗaya da gora da sanda. An kafa dogarai a kowane lungu don kada jama'a su taru. Ya fita ke nan sai ya ji takun doki a bayansa. Mazadu ne, cikin sabuwar riga mai aska, hannunsa ɗaya a ɗaure da tsumma. Ya ja linzami ya tsaya kusa da shi. Ya iya Hausa, don ya yi fatauci yana saurayi.

Ya ce, "Kai ne ka kayar da ni a mashigi."

"Ni ne."

"Wanda ya riƙe tuta, an ce ɗanka ne. Namiji ne. Da na sani da na ce a kama shi da rai." Ya dubi ƙafafun Nomau, ya dubi ganuwar birni. "A ƙasarmu wanda ya yi abin da ka yi gari ake ba shi. Hau bayana. Sarkina zai naɗa maka rawanin da ya fi wanda suka ƙwace."

Nomau ya ce, "Ka kashe mini ɗa, ka ƙone mini gari. Wuce."

Mazadu ya gyaɗa kai, bai ji haushi ba. Ya ce, "To ka ji, tunda ka hana a yanka ni. In an gama girbi za mu dawo, ba da dubu ɗaya ba. Wannan karon ba Tudun Faru za mu tsaya ba. Na kwana a birninku, na ga inda ganuwa ta zaizaye, na ga wanda aka ba takobinka, na ji yadda ake shawara a sorayenku. Wa zai tare ni?"

"Za ka same ni a mashigi."

"Kai da wa?"

Nomau ya waiwaya. Can cikin ƙofa ya hango wasu daga baradensa sun taho da gudu, ba dawaki, ba makamai, suna ture dogarai suna kiran sunansa. Sai ya ji muryar Sarkin Ƙofa yana cewa umarnin Galadima ne. Manyan ƙyamaren suka fara motsi, suka haɗu, aka ji ƙarar sakata ta faɗa.

Ya juyo ya gyara riƙon sandarsa.

Ya ce, "Ni kaɗai."

Mazadu ya yi masa jinjina, gaisuwar da ake yi wa sarakai, ya zaburi dokin da majalisar Dagwaru ta ba shi, ya yi gabas. Nomau ya bi bayansa da ƙafa.